Yadda Ake Sayo Raƙumi Daga Kasuwar Maigatari a Kawo Shi Zariya

Tun da hoton raƙumin da muka yi watanda da shi a layinmu ya zaga wayoyin mutane ban huta ba. A ƙofar masallaci a tare ni, a teburin mai shayi a tare ni: Malam, ina kuka samo shi, nawa ya tsaya muku, yaya aka yi ya iso Zariya bai karye ba? Bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta. A kan Maigatari ta jihar Jigawa zan yi magana, don ita na fi takawa, amma yawancin abin da zan faɗa zai yi maka aiki a Mai'adua ko Illela, masu ci ran Lahadi.

Tun kafin mu tashi ka cire wa ranka cewa raƙumi babban sa ne. Rabin abin da ka sani na cinikin shanu a gida za ka bar shi.

1. Me za ka yi da shi?

Amsar wannan ita ke zaɓa maka dabba. In nama ne, watanda ko na sayarwa, matashin namiji mai cikar tozo kake nema. Tsohon amale ya fi cika ido, amma sai matan gida sun ƙarar da itace namansa bai yi laushi ba. In layya ce, dole ya cika shekara 5 ya shiga ta 6. Maganar mutum bakwai su haɗa kuɗi su yi layya da raƙumi ɗaya kuwa akwai saɓani a kai, Malikiyya ba su yarda da tarayya a kuɗin ba, saboda haka ka zauna da malaminku kafin a fara karɓar kuɗin jama'a.

Masu tambayata batun taguwa don nono, shawarata ku haƙura in dai a cikin Zariya za ku ajiye ta. Damunarmu ta yi mata nauyi. Tafin ƙafarta na rairayi ne, a taɓo santsi yake kwasarta, ga ƙudaje masu cizo da ke kawo cutar sammore. Kuma cikinta wata 13 ne, ba abin gaggawa ba.

Lokaci ma yana da magana. Bayan kaka dabbobi na da jiki. A ƙarshen bazara sun rame, kuɗinsu ya sauko, amma ƙashi za ka fi saya. Makonni biyun da ke gaban babbar sallah kowa ya san wuta kasuwa take yi.

2. Kuɗi da kayan tafiya

Kuɗin raƙumi daban, kuɗin kawo shi daban, kuma a na biyun ne sababbin shiga ke kunyata. Ka rubuta waɗannan a takarda: motarka zuwa da dawowa, kwana da abinci, la'adar dillali, kuɗin takardar kasuwa da harajin ƙaramar hukuma, takardar malamin dabbobi, ladan masu loda, motar da za ta ɗauko shi, abin da ake kashewa a shingayen hanya, abincinsa na kwanakin da zai yi a hannunka, da ladan mahauci. Ni ƙa'idata, duk abin da muka tara nakan cire kashi 15 cikin 100 in ajiye gefe, ba na shiga ciniki da shi. In miliyan ɗaya ce a hannu, dubu 850 ce ta raƙumi.

Farashi yana bin sefa, kuɗin Nijar, tunda yawancin raƙuman daga Nijar suke shigowa. Ranar da naira ta faɗi, raƙumi ya tashi. Don haka farashin da wani ya gaya maka wata biyu baya ba shi da amfani. Ka kira wanda ya ci kasuwar makon jiya.

Hattara: kada ka dogara da tura kuɗi ta waya kaɗai. Ranar kasuwa layi yakan cushe, kuma mai raƙumin da ya fito daga daji sau da yawa ba shi da asusun banki a Najeriya. Ka raba, wani a hannu, wani a asusu. Na hannun kuma ku rarraba shi tsakaninku, kada ya taru a aljihu ɗaya.

Kayan da za ka riƙe ba su da yawa: igiya mai kauri guda biyu, tocila, rawani ko ƙyalle na rufe hanci saboda ƙura, takalmi rufaffe, tabarma, bargo in hunturu ne, katin shaidarka. Kuma kada ka tafi kai kaɗai. In da hali ka ɗauki mahauci ko wani da ya taɓa sayen raƙumi.

3. Ka tashi ran Laraba

Alhamis Maigatari ke ci, amma wanda ya isa ran Alhamis da hantsi ya makara. Ka hau mota a Kwangila da sassafe zuwa Kano, ka tsallaka tashar 'Yankaba ka nemi ta Gumel, daga Gumel Maigatari ba nisa. In Allah ya kiyaye hanya, la'asar a can za ta same ka.

Na san akwai masu cewa me zai sa a kashe kuɗin kwana. Wannan kwanan shi ne mafi arahar abin da za ka saya a tafiyar, za ka ga dalili a mataki na 5.

Ka kuma tambayi halin da iyaka ke ciki kafin ka fito. Lokacin da aka rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024 da Najeriya ta buɗe nata ɓangaren, kasuwannin bakin iyaka duk sun ji a jikinsu.

4. Dillali

A kara, wato kasuwar dabbobi, ba ka sayen komai kai tsaye. Kowane baƙon da ya kawo dabba yana da fatomansa, mai masaukin da ke tsaya masa, kuma ta hannun dillali ake magana. Kana sauka daga mota yara za su yanyame ka, kowa na cewa Alhaji zo ka ga kaya. Ka yi musu godiya ka wuce. Dillalin kirki ta hanyar wani ake samunsa: ka tambayi mahautan Zango ko fataken shanu na Tudun Wada tun kana gida, su haɗa ka da wanda suka daɗe suna hulɗa da shi. In ba ka samu ba, ka nemi rumfar shugabannin kara ka gabatar da kanka, su ba ka mutum. Wanda aka ba ka a gaban manya yana jin kunyar ya cuce ka.

Ku yanke la'ada kafin ku taka ko'ina. Nawa ce, kuma kai kaɗai za ka biya ko har da mai raƙumi? Kuma kada ka gaya masa iyakar abin da ke aljihunka, ko da ya rantse shi ɗan'uwanka ne. Ka ce masa ga irin dabbar da kake so, shi ke nan.

5. Daren Laraba da asubar Alhamis

Da yamma za ka ga ayari na shigowa ta arewa, raƙuma a jere, akalar wannan a ɗaure jikin wancan, ƙura ta turnuƙe. Akwai Buzaye da rawaninsu har hanci, akwai Tubawa, Larabawa, Barebari, Fulani, ga Hausawan Damagaram. Wasu sun yi kwanaki suna tafe. Ana isa sai a gurfanar da dabbobin, a naɗe ɗaya daga ƙafafun gaba a ɗaure don kada su tashi, a zube musu harawa ko 'ya'yan gawo. Kafin magariba an hura gawayi, ƙananan butocin shayi sun hau.

Ka je ka yi sallama ka zauna. In aka miƙo maka shayi ka karɓa, kuma ka sani zagaye uku ne, na farko ɗaci kamar maɗaci, na ƙarshe zaƙi. Tashi bayan kofin farko rashin ladabi ne. Kada ka yi maganar kuɗi a wannan zaman. Ka tambayi hanya, ka tambayi damina, ka tambayi ko sun je Ingal bana, can yankin Agadas inda makiyaya ke taruwa a ƙarshen damina dabbobi su lashi gishiri. Kana hira idonka na kan garke. Wani dattijo ya taɓa ba ni cuku da dabino a irin wannan zama, ya nuna mini wani saurayin raƙumi da haɓa ya ce, ɗana, wancan kada ka taya, kwana biyu ke nan bai yi tuƙa ba. Nasa ne kuwa. Da rana tsaka a cikin hayaniya, ta bakin dillali, ba mai gaya maka haka.

Bayan sallar asuba ka ɗauki tocila ka koma. A nan ne dabba ke faɗin gaskiya. Ka ga wanne ya kwana yana tuƙa, wanne ya miƙar da wuya a ƙasa ya yi lamo. Ka duba inda kowanne ya kwana: kashin mai lafiya ƙwallaye ne busassu, in ka ga ya yi ruwa ya ɓata bayansa da wutsiya, ka wuce. Ka ga yadda suke miƙewa a sanyin safiya kafin jiki ya saki. Nan da awa biyu za a kai su ruwa, wasu a ba su kanwa su sha su cika ciki, a goge su, ramammen jiya ya koma kamar ango. Raƙumi mai ƙishirwa yana iya shanye lita 100 a tsayuwa ɗaya. Wanda ya zo da hantsi ruwa yake taya.

6. Dubawa

Ka zaɓi uku ko huɗu da suka kwanta maka, ka bi su ɗaya-ɗaya, kuma ka bi tsari don kada surutun dillali ya sa ka tsallake wani wuri.

Fara daga nesa. Tozo kitse ne, shi ne ma'ajin dabbar. In ya tsaya cak ya cika, an ci an ƙoshi. In ya langaɓe gefe kamar tsohuwar hula, ta sha wuya ko tana ciwo. Amma kada tozo ya rufe maka ido, ka dubi cinya da ƙugu da haƙarƙari, don nan naman yake.

Sai ka sa a ja shi ya yi tafiya, ya je ya dawo, a gurfanar da shi, a tashe shi, sau biyu. Wanda ke gurfana da ƙyar yana kuka, ko ya yi ta jinkiri kafin ya miƙe, akwai magana a gwiwa. Yana durƙushe ka leƙa kantar ƙirjinsa, wannan faifan mai tauri da yake kwanciya a kai. In ta tsage ko tana ruwa, mota za ta ƙarasa shi. Ka duba tafin ƙafa ko akwai ƙaya ko tsaga.

Hattara: raƙumi yana harbi gaba da baya da gefe, ba kamar jaki ba da ka san ta inda za ta fito. Yana kuma cizo. Kada ka matsa sai mai shi na riƙe da akala, kuma ta kafaɗa ake zuwa masa. A hunturu maza ke shiga zafin barbara: za ka ga kumfa a baki, yana cizon haƙora, wani baƙin ruwa mai wari na tsatsowa a ƙeyarsa, yana fito da wata jar tsoka kamar balan-balan ta gefen baki yana gurnani. Wannan ba ciwo ba ne, amma ba ya cin abinci sosai, yana ramewa, kuma yana iya hallaka mutum. Baƙo ba shi da harka da irinsa.

Yanzu baki. Mai shi ne zai buɗe, ba kai ba. Haƙoran gaba na ƙasa guda 6 ne. Na yarinta ƙanana ne. Manyan biyu na tsakiya suna fitowa wajen shekara 5, na gefensu wajen 6, na ƙarshe wajen 7, lokacin kuma fiƙoƙi sun fito sosai. Mai neman na layya, in bai ga manyan biyun nan sun fito sun zauna ba, kada ya saurari rantsuwar kowa. In kuwa duk sun cinye sun zama guntaye da tazara a tsakani, kakan garke ne. Kana nan ka dubi dasashi da cikin fatar ido. Ja-ja ake so. In sun yi fari fat, jini ya yi ƙaranci, sau da yawa sammore ne ko tsutsar ciki.

Fata kuma, babban abin gudu shi ne ƙazuwa. Tana farawa a wuya da hammata da matsematsi, gashi ya zube, fata ta yi kauri ta yi saɓa, dabbar ta yi ta goga jiki a kan komai. Tana kama sauran dabbobi, tana kama mutum. Ka shafa gindin wuya da gaban kafaɗa ko akwai kumburi ko ƙurji, ka ɗaga wutsiya ka ga yawan kaska, ka dubi gadon baya ko sirdi ya bar miki.

Abu na ƙarshe, tabon wuta. Iri biyu ne, ka koyi bambanta su. Akwai shaidar mai dabba, zane mai tsari a wuya ko cinya ko kumatu, wanda ke nuna gidan da ta fito. Akwai kuma lalas na magani, wanda ake yi a kan gaɓa ko ƙirji ko ciki inda ciwo ya taɓa kamawa. In ka ga layukan wuta sun kewaye gwiwa, ka tambayi abin da ya same ta, ka kuma sake sa shi ya yi tafiya.

7. Ciniki

Dillali zai ce ka taya. Ka taya ƙasa da inda kake son tsayawa, amma ba tayin raini ba, don Buzu in ka raina masa dabba juya maka baya zai yi, ko ka ninka ba zai ƙara kallonka ba. Za a ce albarka, ka ƙara kaɗan, a sake cewa albarka. Kada ka yi sauri. Ka tafi wurin na biyunka, ka bari a gan ka a can. Da azahar, masu son juyawa gida a ranar sukan sassauto.

Hattara: ka tabbata da wane kuɗi ake magana. Mutanen Nijar jika suke ƙirgawa, jika ɗaya sefa 1,000 ce. In ka ji jika ɗari bakwai, sefa dubu 700 ake nufi, ba naira ba. Ka je wurin 'yan canji da kanka ka ji yadda take a ranar, kuma a faɗi kuɗin ƙarshe da naira a gaban shaidu.

In aka ce an sallama, magana ta ƙare, ba a komawa baya. A gaban mai raƙumi da fatomansa da dillali za ka ƙirga kuɗi. Kada ka ba dillali shi kaɗai ya ce zai kai. Kuma duk arahar da aka yi maka a bayan kasuwa, a ce dabbar na can wani gida ka ba da kafin alƙalami, cinikin biri a sama ne, wataƙila ma na sata.

8. Takardu

Takardar kasuwa mai nuna wanda ya sayar da wanda ya saya da kamannin dabbar, rasiɗin haraji, da takardar malamin dabbobi ta izinin ɗauka. Ka ɗauki hotonsu a waya, ka ɗauki hoton raƙumin ta ɓangaren shaidarsa tare da mai shi in ya yarda. Ka shafa masa fenti da alamarka.

9. Mota

A nan na taɓa yin kuka, don haka ku saurara. Shekarar farko, don mu rage kuɗi, muka yarda wani direba ya cusa mana raƙumi a bayan tirelar shanu mai wucewa kudu. Ba a zuba rairayi ba, ƙarfe ne tsirara. Kafin mu iso Zariya ƙaho ya huda masa cinya, gwiwoyi sun saɓule, dole a daren muka nemo mahauci, saura kwana shida sallah.

Motar da ta saba ɗaukar raƙuma za ka nema, ko ku haɗu da wasu masu saye ku ɗauki motar kanta guda. Ka hau da kanka ka duba daɓen: ba rami, ba ƙusa, a zuba rairayi mai kauri ko buntu. A gurfane ake tafiya da shi, ƙafafun gaba a naɗe a ɗaure, akala a ɗaure gajere yadda ba zai miƙa wuya waje ba, amma ba a danne masa kai ƙasa ba. Kada a cika masa ciki da ruwa dab da lodi. Masu loda sun san aikinsu, sai dai suna da saurin duka, ka tsaya a kansu. Ku yi magana da direba a kan wanda zai ji da shingaye, ka ba shi rabi, saura sai an sauke. Ɗayanku ya bi motar, a riƙa tsayawa ana duba igiya, kuma gara tafiyar yamma da ta tsakar rana.

10. Saukewa da riƙo

Tun kafin ku iso a nemi tudu ko a tara ƙasa inda mota za ta ja da baya ta jingina. Kada a sa shi ya yi tsalle. In an kwance shi bai tashi nan take ba, ƙafafu ne suka yi sanyi, a ba shi lokaci, ban da bulala. Yaran unguwa kuwa sai ka sa babba ya tsare su, don duk Zariya za ta zo kallo.

A ɗaure shi a busasshen wuri mai inuwa, nesa da tumaki da awaki. Ruwa kaɗan-kaɗan da farko. Abincinsa harawar wake ko ta gyaɗa, ganyen itatuwa, dusa 'yar daidai, da ɗan gishiri ko kanwa. Kada a tula masa hatsi ko ragowar tuwo don ana son ya yi ƙiba a kwana biyar, cikinsa zai ɓaci.

Hattara: kada wani mai maganin shanu ya yi masa allurar sammore irin ta shanu, wadda aka fi sani da Berenil. Guba ce ga raƙumi, tana kashe shi. In ka ga alamar ciwo ka nemi asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ko ka tambayi ma'aikatan cibiyar binciken dabbobi ta Shika. Ka gaya wa likita ranar da za a yanka, don akwai allurar da ba a cin nama sai an yi makonni da yin ta. Wanda kuma ya samo nonon taguwa, ya tafasa kafin a sha.

11. Ranar suka

Raƙumi soke shi ake yi a gindin wuya, inda ya haɗu da ƙirji, ba a maƙogwaro kamar sa ba. Ba kowane mahauci ya iya ba, ka tambaya ƙarara ko ya taɓa yi, kuma ka kama shi tun mako guda kafin ranar. Ana bukatar ƙarti huɗu ko biyar, wuƙa doguwa mai kaifi, da rami na jini, don jinin yana da yawa kuma da ƙarfi yake fita. A durƙushe ake feɗe shi, daga gadon baya ake fara tsaga fata, a shimfiɗa ta gefe da gefe ta zama tabarmar aiki.

A duba huhu da hanta. In an ga wasu ƙulli masu ruwa a ciki, a yanke wurin a binne da zurfi ko a ƙone, kada a jefa wa karnuka, ta jikinsu cutar ke dawowa kan mutane.

Nama da ƙashi za su tashi kusan rabin nauyin dabbar, ku sa wannan a lissafi tun ranar da kuke yanke yawan masu shiga. Ku aro sikeli, kada a yi kashi da ido. Tozo da hanta a fitar da su gefe, a yanka su daidai da yawan kaso, a ɗora wa kowane kashi nasa a sama inda kowa zai gani, sannan a kira yaro ƙarami ya juya baya, ana nuna kashi yana kiran suna.